Ido Yana Tsiyaya, Likita Ya Ce Bushewa Ce: Fashin Baƙi Kan Ciwon Bushewar Ido da Maganinsa

A wani hunturu goggona da ke Tudun Wada ta dawo daga asibiti ranta a ɓace. Na je gaishe ta, ko gama amsa gaisuwa ba ta yi ba ta ce, "Kai ɗan nan, zauna ka ji wani batu. Wai likita ya ce idona bushewa ya yi. Idon da kullum yake tsiyaya, bakin mayafina ba ya rabuwa da lema saboda share hawaye, shi ne busasshe?" Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, gaskiya likitan ya faɗa miki." Mun daɗe muna magana a ranar. Daga baya na lura ba ita kaɗai ba ce. A Zariya mutane da yawa na fama da wannan ciwo, sai dai kowa da sunan da yake ba shi. Wani ya ce ƙura ce, wani ya ce ragowar afolo ce, wani ya ce ƙarfin tabarau ne ya ragu, kuma kowa da ɗigon da yake saye.

Hawaye iri biyu ne. Akwai na kuka da na yankan albasa, wanda ke zuwa kamar ambaliya. Akwai kuma wani siririn lulluɓi da ke kwance a kan ƙwayar ido dare da rana, ba ka ganinsa, ba ka jinsa, amma da shi kake gani tangaran. Idan wannan lulluɓi ya yage, fuskar ido takan ji zafi, sai ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ita kuma ta buɗe famfon hawayen kuka. Wannan ruwan tsinkakke ne, ba ya zama, gangarowa yake yi a kumatu ya bar ido yadda ya same shi. Shi ya sa idon Goggo yake tsiyaya alhali a bushe yake.

Lulluɓin nan haɗi ne na abu uku. A can ƙasa akwai wani yauƙi da ke sa ruwa ya manne da ƙwayar ido. A tsakiya akwai ruwan kansa, mai ɗan gishiri, wanda ke fitowa daga wata maɓuɓɓuga a saman ido ta ɓangaren kunne. A sama kuma mai ne. Duk matar da ta taɓa barin miya a tukunya ta san wadda mai ya rufe samanta ba ta saurin ƙafewa. Haka abin yake a ido. Man yana fitowa ne daga wasu 'yan kafofi da ke jere a bakin fatar ido, daidai bayan gashin ido, kimanin 25 zuwa 40 a fatar sama, 20 zuwa 30 a ta ƙasa. Wani likita Bajamushe, Heinrich Meibom, ya yi bayaninsu a 1666, kuma har yau da sunansa likitoci ke kiransu. Duk ƙiftawa ɗaya tana matso ɗan mai ta shimfiɗa shi.

A nan ne gizo ke saƙa. Yawancin masu bushewar ido ba ruwa suka rasa ba, mai suka rasa. Kafofin sun toshe, man da ya kamata ya fito tsinkakke kamar man gyaɗa ya daskare kamar man shanu a sanyi, sai ruwan ya riƙa ƙafewa da wuri. Waɗanda maɓuɓɓugar ruwan ce ta gaza su ne 'yan kaɗan, wasu kuma suna da duka biyun. Babban rahoton da ƙwararrun ido na ƙasashe da dama suka fitar a 2017 ya nuna cewa, gwargwadon wurin da aka yi bincike da ma'aunin da aka bi, daga kashi 5 har zuwa kashi 50 cikin 100 na jama'a na iya kasancewa da ciwon. Ya kuma jaddada wani abu da ya sauya yadda ake magani: idan ruwa ya ƙafe gishiri yakan yi yawa, gishirin ya ƙona fuskar ido, ƙunar ta jawo kumburi, kumburin ya ƙara lalata kafofin da ke samar da hawaye. Abin yana zagayawa ne yana ciyar da kansa. Ɗiga ruwa kaɗai ba ya tsinka wannan zagaye idan ya yi nisa.

Garinmu kuwa ya tara duk abin da ke hura wutar. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan sauko da damshin iska ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, mu shafa man kaɗanya, amma ido ba wanda ke tuna shi. Ɗan acaɓa da ke kai-komo tsakanin Kwangila da Samaru babu gilashi a fuska, iska ce ke busa masa kai tsaye tun safe. Matar da ke durƙushe gaban murhun icce hayaƙi ne ke shigar mata. Ma'aikacin ofis fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ce ke kaɗa masa a fuska. Sannan ga zura ido. Mutum yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma da ya ƙura wa waya ko kwamfuta ido sai adadin ya faɗi zuwa rabi ko ƙasa da haka, kuma ƙiftawar ma ba ta cika ba. Ɗalibin da ke kwana kan karatu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da dattijon da ke zaune a zaure cikin birni yana ɗinkin aska a babbar riga, idonsu abu ɗaya yake sha.

Akwai kuma abin da ke daga cikin jiki. Shekaru na rage hawaye, kuma mata sun fi kamuwa, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Ciwon sukari na rage jin fuskar ido har ta kasa neman hawaye a kan lokaci. Magunguna ma na da hannu: na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, wasu na hawan jini masu sa fitsari, wasu na damuwa da rashin barci. Idan kuwa bushewar ido ta haɗu da bushewar baki, har mace ba ta iya haɗiye tuwo sai da ruwa, ga ciwon gaɓoɓi, to likita zai yi tunanin wata cuta da garkuwar jiki ke far wa maɓuɓɓugan hawaye da na yawu, wadda likitan ido ɗan Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana a 1933. Cikin masu ita, tara daga goma mata ne. Wannan ba aikin likitan ido kaɗai ba ne.

Gwajin ba shi da wahala. Likita kan ɗiga wani rini ruwan ɗorawa, ya haska shuɗiyar fitila, ya ce kada ka ƙifta, ya ƙirga daƙiƙa nawa lulluɓin zai yi kafin ya yage. Ƙasa da daƙiƙa 10 alama ce ta matsala. Rinin kan kuma nuna wuraren da fuskar ido ta ƙuje. Wani lokaci a saƙala 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5 a ga iya inda lema ta kai. Idan ba ta wuce milimita 5 ba, ruwan ya yi ƙaranci ƙwarai. Sai ya danna bakin fatar ido ya ga irin man da ke fitowa. Wannan danna ta ƙarshe, a ganina, ita ce ta fi faɗin gaskiya, domin ita ke raba mai ƙarancin ruwa da mai ƙarancin mai, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna wurare ne da ake duba irin wannan.

Magani hawa-hawa ne, kuma hawan farko ba ya cin kuɗi. Ka kawar da fuskarka daga saitin fanka. Idan za ka hau babur ka sa gilashi mai rufe gefe. Allon kwamfuta ya zama ƙasa da saitin ido, don fatar sama ta ɗan sauko ta rage filin da ke buɗe. Duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka dubi abu mai nisa na daƙiƙa 20, ka ƙifta cikakkiyar ƙiftawa har fatun su haɗu. Mai girki ta fitar da murhu inda iska ke wucewa. Yawan watsa ruwa cikin ido don a ji sanyi kuwa yana wanke ɗan man da ya rage ne, daɗin na minti biyu ne kawai.

Sai gasa ido da ruwan ɗumi. Wannan shi ne maganin da na fi so mutane su riƙe, kuma shi ne aka fi rainawa saboda ba a saye shi da kuɗi ba. Tunda man daskarewa ya yi, zafi ne zai narkar da shi. A samu tsumma mai tsabta, a tsoma a ruwan ɗumi wanda bayan hannu zai iya jurewa, wajen digiri 40, a matse, a ɗora kan ido a rufe na minti 5 zuwa 10. Tsumma na saurin hucewa, balle a hunturu, don haka sai an riƙa sake tsomawa. Wanda ya ɗora sau ɗaya ya cire bai yi komai ba. Bayan nan a sa yatsa a murza fatar a hankali zuwa wajen gashin ido, ta sama a yi ƙasa, ta ƙasa a yi sama, sannan a goge bakin fatar da auduga mai tsabta. Kullum ake yi, kuma sai an yi makonni kafin a ga canji. Na ba Goggo shawara ta haɗa shi da ruwan da ake ɗumama mata na alwalar asuba, don kada ya zama wani aiki na daban da za ta manta.

Batun kwalli yana buƙatar a yi shi da ladabi, domin ado ne da muka gada kuma mutane na yinsa da kyakkyawar niyya. Amma inda ake zizara shi, wato cikin bakin fatar ido, nan ne daidai kafofin man suke. Mai fama da toshewa idan tana rangaɗa kwalli kullum tana kwana da shi, tana ƙara liƙe ƙofar ne. Ga shi kuma an sha gwada kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwanni a same shi da dalma, wadda guba ce, musamman ga jarirai. Wadda idonta ke ciwo ta dakata da shi har ta samu sauƙi, idan ta koma kuma ta riƙa gogewa kafin barci.

Hawa na biyu shi ne hawayen kwalba, ɗigon da aka haɗa don ya kwaikwayi na jiki. Iri-iri ne. Akwai tsinkakke, akwai mai ɗan kauri da ke daɗewa amma yana sa gani ya yi hazo na ɗan lokaci, akwai mai haɗe da mai wanda ya fi dacewa da mai toshewar kafofi, akwai kuma man shafawa da ake sa wa da dare. Kuskuren da ake yi shi ne a jira sai ido ya fara raɗaɗi. A kan ƙa'ida ake ɗigawa, sau uku ko huɗu a yini, kafin ciwo ya taso. Ɗigo ɗaya ya isa, ido ba ya riƙe biyu. Kada bakin kwalba ya taɓa ido ko yatsa, kada a yi aro, kuma kwalbar da aka buɗe a yar da ita bayan mako huɗu.

Akwai wani ɓoyayyen abu a yawancin kwalaben nan: sinadarin da ake sakawa don kada ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, wanda aka fi sani da benzalkoniyam. Shi kansa yana cin fuskar ido idan ya yi yawa. Saboda haka duk wanda yake buƙatar ɗigo fiye da sau huɗu zuwa shida a yini, ya tambayi mai harhaɗa magani irin wanda babu wannan sinadari, wanda galibi ke zuwa cikin 'yan ƙananan robobi na amfani sau ɗaya. Ya fi tsada, babu shakka. Masu ɗigon hawan jinin ido na shekara da shekaru su ma wannan sinadarin ne kan busar musu da ido. Kada su daina maganinsu, su gaya wa likita ya duba canji. A kuma duba lambar NAFDAC. Tsakanin 2022 da 2023 gurɓataccen hawayen kwalba ya harbi mutum 81 a Amurka, wasu suka makance, 4 suka rasu. Abin da za a zuba a ido ba abin saye a faranti a tasha ba ne.

Da azumi wasu kan daina ɗigo gaba ɗaya saboda suna jin ɗacinsa a maƙogwaro. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin, kowa ya tambayi malaminsa. Ta fuskar likitanci dai, idan ka rufe ido ka danne kusurwarsa ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa, ka toshe hanyar da ruwan ke bi ya gangara, kuma maganin ya fi zama inda ake buƙatarsa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Mutum ya shiga kemis ya ce idonsa na ja yana ƙaiƙayi, sai a miƙo masa ɗaya daga cikin uku. Ko maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su kuloramfenikol da jentamaisin, alhali babu ƙwayar cutar da za a kashe, kuma jentamaisin idan ya daɗe ƙuje ido yake yi. Ko mai sa ido ya yi fari nan take, wanda tsuke jijiyoyin jini kawai yake yi, da ya sake su jan ya dawo fiye da da. Ko kuma na uku, wanda ya fi su haɗari: ɗigon sitiroyid, wato maganin kashe kumburi mai ƙarfi, irin su deksametason da betametason, sau da yawa a haɗe da maganin ƙwayoyin cuta a kwalba ɗaya. Haɗarinsa shi ne yana aiki. Kwana biyu ido ya washe, mutum ya ce ya samu magani, ya ba maƙwabci suna, kwalba ta ƙare ya sayo wata. A ƙarƙashin wannan daɗi, kusan mutum ɗaya cikin uku matsin cikin idonsa kan hau idan ya yi makonni yana ɗigawa. Wannan hawan jinin ido ba ya ciwo, ba ya sallama, ganin gefe yake fara ci, kuma jijiyar da ya kashe ba ta dawowa. Sitiroyid na kuma kawo yanar ido, kuma idan akwai gyambo a baƙin ido sai ya rura shi. Mutum ya je neman sauƙin raɗaɗi ya dawo da makanta. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin asara ce da babu dalilinta.

Ba wai sitiroyid ba shi da gurbi ba ne. Likitan ido kan ba da shi na mako biyu zuwa huɗu don ya kashe wutar kumburi, yana auna matsin ido, sannan ya janye shi a hankali. Bambancin shi ne akwai mai lura, kuma akwai ranar dainawa. Don dogon zango akwai ɗigon saikulosiforin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2002 da sunan Restasis, sai Xiidra da ya biyo baya a 2016. Suna kwantar da kumburi ba tare da ɗaga matsin ido ba, amma suna da tsada, ba kowane kantin magani ke da su ba, suna ɗan yaji a farko, kuma saikulosiforin kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya nuna cikakken aikinsa. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba zai yar da shi a mako na uku. Ga mai toshewar kafofi mai tsanani, likita na iya ba da ƙwayar dokisisaikilin kaɗan-kaɗan na wasu makonni, ba don kashe ƙwayar cuta ba, sai don tana gyara man. Ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro.

Man kifi fa? An daɗe ana tallarsa. Amma a 2018 wani babban bincike a Amurka ya bi mutum 535 tsawon shekara ɗaya, wasu na shan ƙwayar man kifi, wasu na shan ta man zaitun, kuma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Cin kifi yana da kyau, amma mai ƙaramin ƙarfi ya fi kyau ya sa kuɗinsa a ɗigo mai inganci.

Idan ruwan ne ya yi ƙaranci sosai, akwai dabara mai sauƙi. A kusurwar ido ta wajen hanci akwai 'yar ƙofa da hawaye ke zurarewa, ita ce ke sa hanci ya yi yoyo in ana kuka. Likita kan sa mata ɗan marfi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, don ɗan hawayen da ake da shi ya daɗe. Sai an fara kwantar da kumburi, in ba haka ba an tare gurɓataccen ruwa ne a kan ido. Gaba da nan akwai ɗigon da ake haɗawa daga jinin mutum kansa: a ɗebi jini, a tace farin ruwansa, a sirka. Yana warkar da fuskar ido ƙwarai, sai dai dole ya zauna cikin sanyi ba yankewa, abin da ke da wuya a gidan da wuta ba ta tsayawa. A ƙarshen hawa akwai babban gilashin liƙawa mai riƙe ruwa a kan ido, da ɗinke gefen fatar ido don rage buɗewarsa. Waɗannan na masu tsananin ciwo ne, kamar wanda amosanin ido ya bar wa tabo, ko wanda jikinsa ya saɓule bayan shan magani irin su Septrin ko Fansidar, abin da kan faru ga wasu 'yan kaɗan kuma yakan ƙone kafofin hawaye.

Bushewar idon yaro kuwa magana ce daban, kuma ta gaggawa. Yaron da ya yi ƙyanda ko yake fama da tamowa, ya fara dundumi da magariba, farin idonsa ya dushe ko ya fito da wani tabo kamar kumfa, ƙarancin bitamin A ne, kuma baƙin idonsa na iya narkewa cikin kwanaki. Ba hawayen kwalba yake buƙata ba, asibiti za a kai shi a ranar. Shi ya sa ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A sau biyu a shekara, kuma manja, zogale, karas, kabewa, hanta da ƙwai duk suna ɗauke da shi. Nonon uwa, ruwan sukari, ruwan ganye ko fitsari da wasu ke ɗiga wa ido ba sa ƙara komai sai ƙwayar cuta.

Ga babba ma akwai alamun da ke nuna abin ya wuce bushewa: ciwo mai tsanani a ido ɗaya, gani ya ragu kuma ƙiftawa ba ta washe shi ba, rashin iya kallon haske, farin ɗigo a kan baƙin ido, ko kwantsa mai kauri kamar mugunya. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ba gobe zai ga likita ba, yau ne.

Goggo dai ba ta rabu da ciwon ba, kuma likita bai yi mata alƙawarin haka ba. Da damina takan manta da kwalbar, ko da yake gashin asuba ya zame mata jiki. Da zarar ta ga hazo ya fara sauka a ƙarshen kaka, sai ta aiko jikanta ya ce in sayo mata ɗigonta tun kafin idon ya fara tsiyaya.